Littafi ko kwas: ina mai koyon zanen katun zai zuba kuɗinsa?

Wani ƙanina ya tara 'yan kuɗinsa, ya zo yana tambayata wane kwas zai biya don ya iya sa zane ya yi motsi kamar mai rai. Na ce ya nuna min abin da ya taɓa yi. Ya buɗe waya: zanen wani yaro ne ke tafiya, amma ƙafafunsa na zamewa kamar an zuba mai a ƙasa, kansa kuma a sandare, ba hawa ba sauka. Matsalarsa ba ta manhaja ba ce. Bai san yadda nauyin jiki ke sauka a kan ƙafa ba.

Maganin wannan yana cikin littafin The Animator's Survival Kit na Richard Williams, wanda ya fito a 2001. Williams ne ya jagoranci zanen fim ɗin Who Framed Roger Rabbit na 1988, kuma ya ɗebi sana'ar ne daga bakin tsofaffin hannu irin su Ken Harris da Art Babbitt. Williams ya rasu a 2019. A littafin, ya fasa taku ɗaya gida huɗu: diddige ya taɓa ƙasa, jiki ya nutsa, ƙafa ta gifta 'yar'uwarta, jiki ya ɗaga. Fim na cin hoto 24 a daƙiƙa, taku ɗaya na tafiyar yau da kullum kuma ya kan ci 12. Ka ƙara adadin, mutum ya zama gajiyayye. Ka rage, ya zama mai sauri. Galibin shafukan zane ne, don haka ko Turancinka bai nuna ba za ka bi shi. Ba ya cin data, ba ruwansa da ɗauke wuta.

Akwai kuma The Illusion of Life na 1981, na Frank Thomas da Ollie Johnston, dattawan Disney da suka jera ƙa'idoji 12 na motsi. Littafi ne mai daraja, sai dai tarihi ya yi masa yawa. A bar shi sai gaba.

In dabbobi ne a ranka, duba darussan bidiyo na Aaron Blaise, wanda ya shafe fiye da shekara 20 a Disney, yana kuma cikin daraktoci biyu na fim ɗin Brother Bear. Ganin hannunsa na aiki ya fi karatu, musamman a tafiyar mai ƙafa huɗu. Fara da na kyauta da ya zuba a YouTube kafin ka ciro kati.

Mafi tsada ita ce makaranta irin Animation Mentor, da aka buɗe a intanet a 2005. Dubban daloli ake magana, ga buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da za ta ɗauki Maya, manhajar sa zane motsi. Abin da kake saya a can ba darasi ba ne, ido ne: ma'aikacin situdiyo ya duba aikinka duk mako ya ce ga inda ka kauce. Littafi ba zai yi maka haka ba. Amma biyan wannan kuɗi alhali ko zanen ƙwallo mai tsalle ba ka iya ba, ɓarna ce.

Ƙanin nawa dai ya sayi littafin Williams da ƙaramin allon zane na kamfanin Huion marar sikirin, ya sauke manhajojin zane na Krita da Blender kyauta. Ragowar kuɗin na ce ya riƙe, sai yaron nan ya daina zamewa.