Lung Ta: Gidan Abincin Tsofaffin Fursunonin Tibet

Lung Ta na kan titin Jogiwara a McLeod Ganj, arewacin Indiya. Ribarsa na zuwa ga Gu-Chu-Sum, ƙungiyar da tsofaffin fursunonin siyasar Tibet suka kafa a 1991, bayan zanga-zangar 1987 da 1988 a Lhasa, babban birnin yankin Tibet da ke ƙarƙashin China. Wasunsu sun sha azaba a kurkukun Drapchi kafin su tsallako tsaunukan Himalaya.

Abincin irin na Japan ne, ba nama ko kifi. Taliyar udon da miyar miso sun yi kyau, amma haɗaɗɗen farantin ranar ya fi, don kullum sauya shi ake yi. Wurin dai ƙarami ne, kujeru kaɗan; wanda ya makara da yamma sai ya yi jira.