ACF-50 a kan kurom ɗin babur: yana tsare mai lafiya, ba ya ta da wanda ya ɓare

A ƙasashen da ake dusar ƙanƙara, irin su Ingila, Jamus da Kanada, masu babur da yawa kan jingine shi tun daga Nuwamba sai Maris. Wanda ya tura nasa gareji da jiƙa, ranar da ya yaye mayafin sai ya tarar da ɗigo-ɗigon tsatsa a salansa da wili, wani wurin ma kurom, wato rufin nan mai ƙyalli da ake yi wa ƙarfe, ya kumbura, kana sa farce ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Wani maganin da mahaya can ke yawan ambato shi ne ACF-50, na kamfanin Lear Chemical da ke Kanada, wanda asali don jiragen sama aka yi shi. Mai ne sirara, launinsa ya ɗan yi shunayya, yana zuwa a gwangwanin feshi mai giram 369, akwai kuma na gora. Yana aiki sosai, amma ba duk aikin da masu saye ke ɗora masa ba.

Ƙyallin nan da kake gani ba ƙarfe ɗaya ba ne. A aiki mai kyau, jan ƙarfe ake fara shimfiɗawa a kan baƙin ƙarfe, a bi da nikel, sannan kurom a sama. Kaurin kurom ɗin bai kai maikiron 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali silin gashin mutum yakan haura maikiron 50. Kuma yana da tsagogi da ido ba ya gani. Nikel ne ke tare ruwa, shi ne kuma ake yi wa ƙwauro a kaya masu araha. Gishirin da ake watsa wa tituna don kada su daskare yana narkewa a ruwa, ya bi tsagogin nan har ya cimma ƙarfe. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, saboda haka daga ƙasa take turo kurom. Kafin ka ga kumburi, ɓarnar ta daɗe da yin nisa. A wilin alminiyom abin ya fi muni: farin gari ne ke fitowa, kurom ya riƙa zubewa falle-falle.

A nan ACF-50 ya yi fice. Ba ya bushewa ya zama ɓawo, rarrafe yake yi. Ka ɗiga shi a kan noti, bayan ɗan lokaci za ka ga ya zagaye gindinsa ya shige ƙarƙashin wasan notin, wato zoben ƙarfen da ke ƙasansa. Haka yake bin tsagogin kurom, ya kori danshi, ya zauna. Kamfanin ya ce yana kai wata 12. Ga babur da ke ajiye a ɗaki, shafa ɗaya ta isa sanyi guda. Wanda ake hawa cikin ruwan gishiri kuwa sai an riƙa maimaita wa wuraren da taya ke watsa wa ruwa. Man feshin nan WD-40 yana korar ruwa shi ma, sai dai abin da yake bari ba ya daɗewa haka.

Rabin aikin kafin a buɗe gwangwani yake. A fara ɗauraye babur da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana ƙara wa gishiri kuzari, sannan a wanke da sabulun mota. Sabulun wanke kwano a bar shi a kicin, da yawansa akwai gishiri a ciki. A busar da shi sarai, da iskar kwamfuresa in akwai, musamman gindin wayoyin wili, cikin madigad da bayan salansa inda aka yi walda. A rufe faifan birki da taya da leda. Gwangwanin a tsayar da shi cikin ruwa mai ɗumi kamar minti goma, ɗumin da hannu zai jure, kada ya kusanci digiri 50 a ma'aunin Celsius. In da sanyi, mai ɗin fitowa yake tsiri-tsiri, ya yi ta malala a banza. Mafi kyau a fesa a tsumma mai laushi a goga, lunguna kuma a bi su da ƙaramin buroshi. Idan ka ga yana ɗiga, ya yi yawa. Ɗan sheƙi kawai ake so. A haka gwangwani ɗaya zai yi maka fiye da shekara guda.

Aibinsa ma daga rarrafen nan yake. In ya taɓa faifan birki sai an wanke da maganin wanke birki, in kuma fatar birkin ta sha, a canja ta kawai. A taya yana sa santsi. Ranar da aka fara tayar da inji, salansa za ta yi hayaƙi da wari na 'yan mintuna, ba matsala ba ce, amma a yi a waje. Yana kuma kama ƙura. Shi ya sa mai babur a Kano ko Damagaram, inda hunturu bushewa ce da ƙura, bai da wata riba a lafta shi. Da damina ne, ko a bakin teku, zai ga amfaninsa. Tsada ma ba baya ba.

To, kurom da ya riga ya ɓare fa? Babu man da zai mayar da shi. Ɗigon tsatsa na sama-sama yana fita da takardar alminiyom ta naɗe abinci, a dunƙule ta a tsoma a ruwa a goga a hankali. Ta fi kurom laushi, ba ta cika ƙarzarsa ba. Man goge ƙarfe irin Autosol yana dawo da ƙyalli, amma yana ci, kada a mai da shi abin kowane mako, kada kuma a kai shi kan roba mai fentin kurom. Inda ya ɓamɓare, a kankare duk abin da ya saki, a goge tsatsar har ƙarfe ya fito, a share maiƙo, a shafa fenti ko jan farce marar launi, sai ya bushe a bi da ACF-50. Salansa ba ta ɗaukar wannan dabara saboda zafi. Gyara na gaskiya shi ne a cire tsohon rufin duka a sake, kuma sau da yawa sabon kayan ya fi araha. Sandunan shokozoban gaba kuwa ba maganar ado ba ce: rami ɗaya mai kaifi a inda sanda ke shiga da fita ya isa ya yaga sil, wato robar da ke tare mai, mai ya tsiyayo wajen birki.

Sai wurin ajiya. Tamfol na leda yana tara gumi duk lokacin da gari ya ɗan yi ɗumi bayan dare mai sanyi. Mayafin yadi mai shan iska ya fi, ko tsohon zanen gado. A nisanta babur da buhun gishiri ko takin zamani. Kuma a bar ɗabi'ar tayar da inji minti biyar kowane mako: salansa ba ta yin zafin da zai ƙone tururin, ruwa ya kwanta a cikinta, ta ruɓe daga ciki inda ba tsumman da ke kaiwa.