Gargaɗi ga masu harkar sauti: mai tallar DAC a Facebook ya ci mini sefa 62,000

Jama'ar Garwa da Marwa, ku tsaya ku karanta. Sefa 62,000 wani ya ci mini, kuɗin aikin biki uku da na yi ta ƙullewa.

Sana'ata saka sauti a wajen walima da ɗaurin aure, daga kwamfuta zuwa amfilifaya. Tun bara ramin iyafon ɗin kwamfutar ke ba ni kunya, da na sa caja sai lasifika ta hau ƙugi a gaban mutane. Shi ya sa na shiga neman DAC na waje, ƙaramin akwatin nan da ke karɓar sauti a lambobi ta USB ya mai da shi wanda amfilifaya ke ɗauka, a huta da katin sautin cikin kwamfuta. Na san abin da nake nema, kada wani ya ce mini ido rufe na saya.

Sai na ga tallar wani a Facebook, ya ce a Duwala yake. Na kira shi, ban gama bayani ba ya tare ni: "Malam, in ka zare caja ƙugin yana ɗaukewa, ko ba haka ba?" Wallahi ban faɗa masa ba. Ni fa ban faɗa masa ba! Maganar nan ce ta sa na saki jiki, har yau ita ke dawo mini in na kwanta. Wanda ya san wannan, ya kawo zancen ma'aunin ingancin sauti, bit 24 da kilohaz 96, har ya ce sautin faifan CD bit 16 ne a 44.1, kuma haka ɗin ne, wa zai ɗauke shi ɓarawo? Ya ce "tsakanina da kai Allah, ɗan'uwa." Na tura 45,000 ta waya.

Sai 12,000 na wata wayar USB ta musamman. A'a, wannan daga baya ne, bayan kayan sun iso. 5,000 na mota ne ya fara biyowa, ran Talata ko Laraba, rasit ɗin yana hannuna. Kwana shida ina zarya a tasha.

Da na buɗe kwalin hannuna na rawa. Na jona, fitila ta kama, lasifika shiru. Na duba jerin na'urorin sauti a Windows, babu sabon suna. DAC na USB na gaskiya da ka soka shi sunansa ke fitowa a wurin, kuma tun 2017 Windows 10 ke gane yawancinsu ba sai ka saka komai ba. Na kira mai tallar ya ce laifin wayar USB ne, in turo 12,000 ya aiko ta asali. Na tura. E, na tura, domin waya takan lalace, na sha gani a aikina, kuma 50,000 sun riga sun tafi.

Wani mai gyara a babbar kasuwa ne ya juya akwatin ya nuna mini. Kusa da ramin USB an rubuta DC 5V, wato wuta kawai yake sha ta nan. Sauti ta Optical ko Coaxial yake shiga, irin na bayan talabijin, kwamfutata kuwa ba ta da ko ɗaya. Ya ce ko rubu'in kuɗin bai kai ba. Hoton da ke kan tallar ma na wani akwati ne dabam. Na tsaya a shagon nan kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu mai tallar ya toshe ni a WhatsApp, layinsa a kashe. 45,000, da 5,000, da 12,000. 62,000 cif.

Kada ku biya kafin kaya su zo. Ku sa a ɗauko muku bidiyon akwatin a jone, sunansa na fitowa a kwamfuta, da hoton bayansa.

Hotunan hirarmu da rasit uku duk na ajiye, zan ɗora su da daddare in na rufe lambobin mutane. Ran Asabar ina da ɗaurin aure a Yalwa, kuma da ƙugin nan zan je.