St. Elsewhere na Gnarls Barkley: inda haɗin ya kama da inda ya kwance

Waƙoƙi 14 ne a cikin kusan minti 37, kuma babu ko ɗaya da ta kai minti huɗu. Haka kundin farko na Gnarls Barkley yake, wanda ya fito a Birtaniya cikin Afrilun 2006, a Amurka kuma cikin Mayu. Gnarls Barkley ƙungiyar mutum biyu ce, kowa da aikinsa, kundin nasu kuma ya haɗa salon gambara da fank da rok. Danger Mouse, mai sunan yanka Brian Burton, shi ke haɗa kiɗa. CeeLo Green, wato Thomas Callaway, shi ke da murya. Na farkon ya yi suna a 2004 da ya ɗora muryar Jay-Z a kan kiɗan Beatles, sannan ya yi wa ƙungiyar Gorillaz aikin kundin Demon Days a 2005. Na biyun ɗan Atlanta ne, daga ƙungiyar gambara ta Goodie Mob, ya kuma tashi yana waƙa a coci, abin da ake ji a maƙogwaronsa tun daga waƙar farko.

Wanda zai nemi kundin don gambara zalla ya sani tun yanzu cewa ita ce mafi ƙarancin kaso. Ana samunta sosai a "Feng Shui" da "Transformer", sauran kuwa rerawa ce. Gambarar tana cikin yadda aka gina kiɗan: a yanko guntun tsohon faifai, a maimaita shi, a ɗora masa ganga mai nauyi. Fank yana cikin jitar bes da takun rawa, rok kuma yana cikin kaushin sauti da saurin bugu. Abin da ya hana wannan tarkace watsewa shi ne murya ɗaya da ke iya sauka ƙasa kamar tana gurnani, ta kuma haye sama siririya ba tare da ta tsinke ba.

"Crazy" ce ta fi nuna yadda dabarar ke aiki, shi ya sa ta cancanci a warware ta dalla-dalla. Tushenta kiɗan wani fim ɗin kaboyi ne na Italiya na 1968, wanda 'yan'uwa biyu, Gian Franco da Gian Piero Reverberi, suka tsara. A baitin farko kusan abu uku kawai ake ji: ganga mai tafiya daidai wajen bugu 112 a minti, jitar bes da ke taka sauti ɗai-ɗai, sai murya. An bar fili da yawa babu komai. Saboda haka idan amshi ya zo da gogen turawa da muryoyin 'yan amshi, sai a ji kamar an buɗe ƙofar ɗaki iska ta shigo, alhali ba wani abu mai yawa aka ƙara ba. Akwai kuma wani ɗan juyi da mutane da yawa ke ji a jikinsu ba su san daga ina ya zo ba. Baitin farko yana farawa a kan C minor, sautin da ke ɗauke da alhini, na biyu kuwa yana buɗewa a kan C major, mai haske. Sauti ɗaya tak aka ɗaga a cikin haɗin, amma yanayin waƙar duka ya sauya. Ba ta cika minti uku ba ta ƙare, kuma wannan gajartar ta yi mata daidai.

Kasuwa ma ta shaida. "Crazy" ce waƙa ta farko da ta hau lamba ɗaya a Birtaniya da cinikin saukewa ta intanet kaɗai, ta yi mako tara a wurin, a Amurka kuma ta tsaya a lamba biyu. Kundin ya ci kyautar Grammy a 2007.

Ɓangaren rok ya fi fitowa a "Gone Daddy Gone", wadda asalinta ta ƙungiyar Violent Femmes ce tun 1983. Sun riƙe karin nan na zailofon, abin kiɗan jerin katakai da ake bugawa da sanda, suka sa masa gangar na'ura mai ƙarfi. An yi ta da tsafta, tana da daɗin tuƙi, sai dai ba ta ƙara wa ta asalin wani abu mai yawa ba. "Smiley Faces" ta fi ta nisa: takun Motown ne, wato salon wani tsohon kamfanin faifai na Amurka, mai sa kafaɗa motsi, amma maganar cikinta ta mai ɓoye damuwa a bayan murmushi ce. "The Last Time" da ta rufe kundin ita ce fank mafi tsabta, jita tana yanka gajere-gajere, bes tana zagayawa a ƙarƙashi.

Waƙar da ta fi kowace nauyi ita ce "Just a Thought", kuma ita ce mafi tsawo. Jita ce mai laushi irin ta gargajiyar turawa, sai a jefo mata ganga da aka ƙure wa ƙara har ta fashe, ta yi tsit, ta sake faɗowa. Mai ji a karon farko zai ɗauka lasifikarsa ce ta lalace. Da gangan aka yi, domin waƙar tana magana ne a kan ƙuncin rai da tunanin kashe kai, gangar kuma tana yi wa kunne abin da irin wannan tunani ke yi wa zuciya. A nan haɗin salo ya daina zama ado, ya zama shi ne ma'anar.

Inda abin ya kwance kuwa, dalilin a bayyane yake. "Transformer" an cika mata kaya: gudu ya yi yawa, an matse murya ta koma tsiririya, ƙananan sautuka suna ta karo da juna a wuri ɗaya, babu filin da kalma za ta fito. Abin da ya ɗaga "Crazy", wato barin sarari, shi aka rasa a nan. Matsala ta biyu gajarta ce. "Feng Shui" ba ta kai minti ɗaya da rabi ba, "Online" ba ta kai biyu ba, dukansu suna yankewa daidai lokacin da takun ya fara zama a jiki. Kamar an ɗora tukunya an sauke kafin ta tafasa. "Necromancer" kuma batunta gawa ne da sha'awa, an yi ta don ta tayar da hankali, ta kuma tayar. Kiɗanta bai kai ya biya wannan farashi ba. Ita da "Just a Thought" ba na kunnawa a gaban yara ba ne, ko a motar haya.

Abin da aka saurara da shi yana sauya hukuncin da za a yi wa kundin nan ƙwarai. Lasifikar waya ba ta iya fitar da sautin ƙasa, bes kuwa ita ce ƙashin bayan yawancin waƙoƙin, don haka a waya "Crazy" kan koma murya da tafi kawai, "The Last Time" ta rasa rawarta. Ko iyafis mai araha da ke toshe kunne ya fi. Kwafin da aka matse ya yi ƙanƙanta don tura wa juna yana da tasa illar: tsofaffin faifan da aka yanko suna da ɗan ƙura a sautinsu, matsewa kuma tana mayar da ƙurar nan shuu mai gajiyar da kunne, musamman a "Go-Go Gadget Gospel" inda ƙahonni ke gudu tun daga daƙiƙar farko. A nemi MP3 da ba a matse sosai ba, mai 256 ko 320 kbps, ko CD. A mota kuma kada a ƙure maɓallin bes, domin gangar da aka riga aka fasa a situdiyo za ta sake fashewa a lasifikar ƙofa, muryar ta nutse. A bar bes a tsakiya, a ɗan rage sautin sama idan kunne ya fara zafi.

Mai ƙaramin lokaci ya fara da biyar: "Crazy", "St. Elsewhere", "Smiley Faces", "Just a Thought" da "The Last Time", minti goma sha biyar da 'yan kai ke nan. Idan sun zauna masa, ya koma ya ji kundin daga farko a jere, ba a gauraye ba, domin gajerun waƙoƙin sun fi ma'ana a matsayin gada tsakanin manyan fiye da a ce an tsinto su su kaɗai.