Matatar bakin mesa mai tulu: ta cancanci kuɗinta?

Injin ban-ruwa mai inci 3 yana jan kusan lita 1,000 a minti. Idan bakin mesar ya yi kusa da saman ruwa, sai ruwan ya fara murɗawa, ya buɗe rami kamar mazurari, iska ta bi ta ciki. Daga nan injin ya soma tari, ruwa na fita guntu-guntu, fankar cikin injin na kaɗawa a banza, sil (zoben da ke hana ruwa yoyo) ya yi zafi ya ƙone.

Matata mai tulu, wadda ake ɗaurawa a bakin mesar tsotso, an yi ta ne don maganin wannan. Tulun na shawagi, bakin mesar na rataye ƙarƙashinsa, ko ruwan kogi ya ja baya cikin Maris zurfin bai canzawa. Kan injin inci 3 a bar santimita 80 tsakanin saman ruwa da bakin, da aƙalla 30 daga ƙasa saboda yashi. Faɗin matatar shi ne babban amfaninta: ruwa na shiga a hankali ta ko'ina, murɗawar ba ta samun ƙarfi.

Aibinta biyu. Kainuwa da ganye na toshe ramukan, sai an duba kullum. Kilif ɗin matse mesa da ake haɗowa da ita kuma siriri ne. A sa biyu masu kauri, don iskar da ke shiga ta mahaɗa illarta ɗaya da ta murɗawar.

A ruwan da bai kai mita ɗaya ba kada a saya. Gara a haƙa rami, a rage gudun injin, a ɗora faffaɗan katako ya yi shawagi saman bakin mesar.