Roku Streaming Stick 4K: sauƙin aiki, da kuma tallar da ke biyan kuɗinsa

Ƙaramar na'ura ce ta kallon fina-finai da shirye-shirye ta intanet a talabijin. Tsawonta kaɗan ya ɗara na yatsa. Ana soka ta a ramin HDMI da ke bayan talabijin, a ba ta wuta ta USB, a haɗa ta da Wi-Fi, a buɗe asusu kyauta, shi ke nan. Kamfanin Roku ya fito da ita a 2021 a kan dala 49.99, kuma na daɗe ina amfani da ita har na san halinta.

Abin da ya fi burge ni shi ne allon farko. Manhajoji ne jere a akwati-akwati, Netflix nan, YouTube can, ka jera su yadda ranka ke so. Babu wani ruɗani. Wanda bai taɓa riƙe irin wannan rimot ba zai gane kansa cikin mintuna kaɗan, domin maɓallansa ba su da yawa, kuma shi ɗin ne ke kunna talabijin da ƙara murya. Hoto tas yake fitowa, tana ɗaukar 4K da Dolby Vision, wato tsarin hoto mai inganci sosai, idan talabijin ɗinka ya kai. Idan bai kai ba, kar ka sa rai da wani abin mamaki.

Wata dabara da na yaba: na'urar da ke kama Wi-Fi daga nesa a jikin wayar wutar aka saka ta, don ta ɗan fito daga inda jikin talabijin ke tare sigina. Ɗakin da nake kallo yana nesa da rauta, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, amma da wuya hoto ya tsaya. Sai dai ka adana wannan wayar da kyau, don sauya ta da wata yana nufin rasa wannan amfanin. Ramin saka wayar intanet kuwa babu shi a jikinta. Manhajar Roku ta wayar hannu ma tana da amfani da dare, ka sa iyafis ka ji sautin fim ɗinka ba tare da ka tashi kowa ba.

To, a zo ga maganar talla, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan. Wanda ya kafa Roku a 2002, Anthony Wood, injiniya ne da aka haifa a Ingila ya girma a Amurka. Kafin Roku, shi ne ya kafa ReplayTV a 1997, kamfanin da ya ƙera akwatin da ke naɗe shirye-shiryen talabijin a faifan ajiya irin na kwamfuta, don a kalla lokacin da aka ga dama. Kamfanin SonicBlue ya saye shi a 2001, kuma a shekarar ne manyan kamfanonin fina-finai da tashoshin Amurka suka maka SonicBlue a kotu, musamman saboda akwatin yana tsallake tallace-tallace da kansa. A 2003 SonicBlue ya durƙushe. Wood ya yi aiki na ɗan lokaci da Netflix a 2007, inda aka ƙera akwatin kallo ta intanet, daga baya Reed Hastings, shugaban Netflix a lokacin, ya fasa fitar da shi da sunan Netflix don kada ya zama kishiyar sauran masu ƙera na'urori. Roku ne ya fitar da shi a 2008 a kan dala 99.

Yau kuwa yawancin ribar Roku daga talla da kason kuɗin rajistar manhajoji take fitowa, na'urorin kusan a kan jarinsu ake sayar da su. Kana kunnawa za ka ga babban hoton talla a gefen allo. Maɓallai huɗu da ke ƙasan rimot na kamfanonin da suka yi yarjejeniya da Roku ne, ba ka da ikon sauya su ko da ba ka biyan ko ɗaya a cikinsu. Tashar kyauta ta The Roku Channel, wadda aka buɗe a 2017, ita ma da talla take tafiya. Mutumin da akwatinsa ya yi suna wajen tsallake talla, ga shi talla ke ciyar da kamfaninsa. Ban ga laifinsa ba, ya ga abin da ya sami SonicBlue. Amma mai saye ya cancanci ya san dalilin arahar.

Ni dai tallar gefen allo ba ta hana ni kallo, don ba ta shiga cikin fim ɗin da na biya kuɗinsa. Na shiga saituna na kunna zaɓin rage bin diddigi don talla, kuma ina ba kowa shawarar ya yi hakan ranar farko.

Idan talabijin ɗinka ya tsufa ko manhajojinsa sun fara nawa, ko kana neman abin da za ka haɗa wa iyaye ba tare da ana kiran ka kullum ba, saye ta. Mai son yawo a shafukan intanet ta talabijin ya nemi wata, domin Roku ba ta da burauza.