Contrast ko tsohuwar hanya? Ga mai Space Marine goma da ɓeraye goma

Salam ɗan uwa, na ga tambayarka. Ka ce ka shiga gasar nan ta wata ɗaya, sharaɗin a gama fenta mini (ƙananan mutum-mutumin wasan tebur) guda ashirin har da bes ɗinsu, wato ɗan faifan da kowanne ke tsaye a kai, kafin wata ya mutu, kuma abin da ke hannunka Intercessors goma ne, wato sojojin sulke na Space Marine na wasan Warhammer 40,000, da Clanrats goma, mayaƙan ɓeraye na wasan Age of Sigmar, shi ne kake tambaya ka sayi fentin Contrast ne ko ka bi tsohuwar hanya, sannan bes ɗin yashi za ka zuba ko fentin nan mai tsakuwa-tsakuwa. To gaskiya kashi biyun nan kowanne da amsarsa, don jikin ɓera daban jikin sojan sulke daban.

Tsohuwar hanya dai hawa uku ce. Ka shafa fentin tushe mai kauri wanda Citadel, sunan fentin kamfanin Games Workshop, ke kira Base, ka bi lunguna da ruwan inuwa irin su Nuln Oil ko Agrax Earthshade, sannan ka dawo da siririn buroshi ka haska gefe-gefen da suka taso. Idan Ultramarines za ka yi, wato rundunar Space Marine mai shuɗin sulke, Macragge Blue ne tushe, Nuln Oil a tsage-tsagen sulke kawai, Calgar Blue a bakin-bakin sulken, zinaren kafaɗa kuma Retributor Armour a bi shi da Reikland Fleshshade. Tana cin lokaci ba ƙarya, domin fentin sai an sirka shi da ruwa an yi shafa biyu marasa kauri, in ka lafta shi lokaci ɗaya zai cike zanen jikin abin ya dawo dunƙule. Amma fa in hannunka ya zame ka ɓata wuri, gyaran ba komai ba ne, ka ɗauko kalar tushen ka rufe shi ke nan.

Contrast kuwa a 2019 Games Workshop suka fito da shi, kamfanin nan na Nottingham a Ingila. Fenti ne mai ruwa-ruwa da ake hango abin da ke ƙarƙashinsa, yana gangarawa ya taru a rami ya yi duhu, ya bar tudu da haske, wato shafa ɗaya ta ba ka kala da inuwa gaba ɗaya. Shi ya sa dole ƙasansa ya zama mai haske, Wraithbone ko Grey Seer, a kan baƙi ba za ka ga komai ba. To ka duba Clanrat, duk jikinsa gashi ne da tsumma da igiya da tsatsa, ko'ina rami ko'ina tudu, nan ne Contrast yake rawar gaban hantsi. Gore-grunta Fur ko Cygor Brown a gashi, Guilliman Flesh a wutsiya da hannuwa da kunne, Snakebite Leather a maɗaurai, Flesh Tearers Red a tsummokara, Skeleton Horde a haƙora, ƙarfen kawai za ka yi da Leadbelcher na gargajiya ka bi shi da Agrax. Ka jera su goma ka riƙa yin kala ɗaya a kan duka kafin ka koma wata, kafin ka kai na goman na farkon ya sha iska.

Yanzu kai wannan fentin kan Intercessor ka ga abin takaici. Kafaɗa faffaɗa sumul, ƙwauri sumul, babu ramin da fentin zai faɗa, sai ya tsaya inda ya ga dama ya bushe dabbare-dabbare, kuma idan ka koma ka taɓa shi yana tsakiyar bushewa sai ya yage ya bar tabo. Akwai masu hannu da suke iya jan shi a fili sumul, su kwashe rarar da buroshi kafin ta kwanta, amma wannan ba aikin wanda ya fara jiya ba ne kuma agogo na bin sa. Ga gyara ma wahala, in ja ya hau inda shuɗi zai zauna sai ka sake shafa Wraithbone na kwalba a wurin ka jira ya bushe tukuna. Don haka ni dai sojojin nan tsohuwar hanya zan ce ka bi, in ka samu gwangwanin feshi na Macragge Blue ma ka tsallake rabin aikin, in ba ka samu ba (gwangwanin feshi ba kasafai ake yarda a aiko shi ta jirgin sama ba) sai ka yi da firaima ta buroshi, wato shafen farko da ake yi don fenti ya kama.

Batun kuɗi, kwalbar Contrast mililita 18 ce ta Base mililita 12, ta fi tsada kuma ta fi saurin ƙarewa tunda kwarara shi ake yi. Ba kuma dole sai Citadel ba, The Army Painter suna da Speedpaint tun 2022, sai dai na farkon an yi ta kuka da shi cewa yana sake narkewa idan ka shafa wani fenti a kai, a 2023 suka fito da 2.0 don gyara wannan, to in za ka saya duba lambar. Vallejo na Sifen ma suna da Xpress Color. Kada ka sirka irin waɗannan da ruwa da yawa, suna da nasu ruwan sirki, kuma a girgiza sosai kafin a buɗe.

Za ka ji ana ta maganar slapchop, wato a fesa baƙi, a goga toka-toka da busasshen buroshi, a goga fari sama-sama, sannan a zuba Contrast. A kan ɓeraye yana kyau ƙwarai, yana ba su duhun da ya dace da su. A kan sulke sai ya fito da garari-garari kamar ba a gama ba.

Sai bes. Intercessors a kan milimita 32 suke, Clanrats 25. Fentin tsakuwar, su Astrogranite mai ruwan toka, Stirland Mud, Armageddon Dust, sauƙinsa shi ne ka kwaso da ɗan tsinke ka shimfiɗa ya zo da kalarsa, amma yana ɗaukar awoyi kafin ya bushe kuma duk da haka sai ka bi shi da inuwa da busasshen buroshi in kana so ya yi kyau. Yashi kuma farin gam na kafinta ka shafa, ka tsoma bes ɗin a yashin da ka wanke ka tankaɗe da rariya, ka kakkaɓe, in ya bushe ka bi shi da gam da aka tsinka da ruwa don kada ya riƙa zuba. In ka yi haka kafin firaima ma ya fi, fentin zai ƙara kama shi. Ruwan ƙasa mai duhu, a goga kalar ƙashi sama-sama, ɗan guntun ciyawar roba ɗaya ko biyu, wallahi daga nesan tebur ba mai bambance shi da na kwalba, kuma kusan kyauta ne. Wuri ɗaya da na kwalba ya yi wa yashi fintinkau shi ne Agrellan Earth da Martian Ironearth, masu tsattsagewa idan sun bushe kamar ƙasar fadama da rani, wannan yashi ba zai ba ka ba. In za ka yi shi fenta ƙasan da duhu tukuna don shi ake gani ta tsagar, kuma iya kaurin shafa iya girman tsaga. Ko wanne ka zaɓa kada ka bar da'irar gefen bes ɗin da dabbaren fenti, zagaye ta da baƙi ko Steel Legion Drab, a hoto ita ido ke fara kamawa.

In kana wuri mai zafi irin namu, fentin Base yana bushewa a faranti kafin ka juya, sai ka samu roba mai murfi ka sa jiƙaƙƙen soso da takardar gashin kek a kai ka riƙa dama fentin a nan, amma ban da Contrast, shi busasshen faranti yake so. Da hunturu kuma rufe su da kwali suna bushewa, ƙura na manne wa Contrast tun yana ɗanye.

Fara da ɓerayen a makon farko, hannunka zai saba da buroshi a inda kuskure ba ya nunawa, sauran mako ukun ka bar wa sojojin, yashin kuma zuba wa duka ashirin ɗin rana ɗaya tun kafin ka fara fenti. In ka gama na farko turo hoto mu gani.